Ɗana Yana Shan Giya a Wurin Fati a Jami'a: Ya Zama Mashayi Ke Nan?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 19 yana ajin farko a jami'a. Da ya dawo hutu sai ƙanwarsa ta nuna mini wani bidiyo a wayarsa, yana tsakiyar abokai a wurin fati da kofi a hannu, idanunsa sun kaɗa, ko tsayuwar kirki ba ya iya yi. Da na tsare shi bai musa ba. Ya ce a wurin fati kaɗai yake sha, sau ɗaya ko sau biyu a wata, kuma wai kowa yana sha a can. Mahaifinsa ya ce zai cire shi daga makarantar, ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Shin ya zama mashayi ke nan? Me ke jefa yara cikin wannan hali, kuma me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yaye miki wannan damuwa. Idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike son sani: ko shan da yake yi sau ɗaya ko biyu a wata ya kai a kira shi mashayi, abin da ke sa yaron da ya tashi da tarbiyya ya faɗa wannan hali da shigarsa jami'a, da kuma ko cire shi daga makaranta zai zama mafita. Na shafe shekaru ina aiki a asibitin ɗalibai na wata jami'a, kuma zan fara da abin da ya fi damuna. Iyaye sukan ji tsoron kada yaro ya zama mashayi nan da shekara goma, alhali haɗarin da ya fi kusa da shi shi ne dare ɗaya tak da zai sha da yawa cikin ɗan lokaci, abokansa kuma su ji tsoron neman taimako. Hukuncin addini a kan giya kin san shi, shi ma ya san shi, don haka zan tsaya a fagena na lafiya.

Nawa ya sha a zama ɗaya?

Maganarsa cewa a wurin fati kaɗai yake sha tana iya zama gaskiya, amma ba ta isa ta kwantar da hankali ba, domin likitoci suna duba abu biyu daban-daban: sau nawa mutum yake sha, da kuma nawa yake sha a zama ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar giram 60 na tsantsar barasa a zama ɗaya a matsayin sha mai nauyi, ko da sau ɗaya ne ya faru cikin kwana 30. A Amurka, inda aka fi yin nazari a kan ɗaliban jami'a, cibiyar gwamnati mai binciken illolin giya ta tsayar da ma'auni a 2004: namiji ya sha awo 5, mace awo 4, cikin kimanin sa'a 2, wanda yakan kai barasar da ke cikin jini giram 0.08 a kowace mililita 100. Awo ɗaya a lissafinsu giram 14 ne, wato gwangwani ɗaya na giya mai sauƙi mai mililita 355, ko mililita 44 kacal na giya mai zafi irin su wiski da bodka, waɗanda barasarsu takan kai kashi 40 cikin 100. Mililita 44 kuwa bai wuce babban cokali uku ba.

A ɗakin da nake duba ɗalibai ina ajiye kofin roba irin wanda ake rabawa a fati, da gorar ruwa, da ƙaramin kofin awon magani. Idan ɗalibi ya ce mini kofi uku kawai ya sha, sai in miƙa masa kofin robar in ce ya zuba ruwa daidai inda ake zuba masa giyar kafin a cika da lemo. Wani yaro ɗan ajin farko ya zuba, muka auna, muka sami mililita 130, wato kusan awo uku. Kofinsa uku awo tara ke nan, kuma ya shanye su ne tsakanin ƙarfe goma da sha biyun dare. Ya daɗe yana kallon kofin kafin ya ce, "Wallahi Likita ban san haka ba ne." Na yarda da shi, domin a wurin fati babu mai awo, zaƙin lemo yana ɓoye zafin giyar, wani ne ke zubawa, kuma sau da yawa akwai wasannin da ake tilasta wa wanda ya faɗi ya shanye kofi a ɗauke ɗaya.

Dalilin da ya sa sauri yake da haɗari yana cikin yadda jiki ke aiki. Barasa ba ta jiran narkewa kamar abinci. Kaɗan daga cikinta ke shiga jini ta tumbi, mafi yawa ta ƙaramin hanji, kuma idan ciki babu komai sai ta wuce da gaggawa. Hanta ce ke kawar da ita, ita kuwa hanta tana da iyakar gudunta, kimanin awo ɗaya ko ƙasa da haka a sa'a guda, komai ƙarfin mutum da ƙuruciyarsa. Abin da ya rage sai ya taru a jini ya hau kai. Wanda barasar jininsa ta kai 0.15 da tsakar dare yana buƙatar kusan sa'a 10 kafin ta fita, don haka yana iya shiga aji ko ya tuƙa mota da safe da sauran maye a jikinsa ba tare da ya sani ba.

A ƙwaƙwalwa, sashen da giya ke fara kwantarwa shi ne na gaban goshi, mai auna sakamako da hana mutum aikin da-na-sani, wanda a shekarun ɗanki bai ma gama nuna ba, sai wajen shekara 25. Wato birkin da zai ce masa ya isa haka shi ne ke fara lalacewa. Daga nan harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, kamar yadda kika gani a bidiyon. Idan ta kai wajen 0.16 zuwa sama, ƙwaƙwalwa tana iya daina adana abin da ke faruwa, mutum yana magana yana dariya amma washegari ba ya tuna komai. Idan aka ƙara gaba, sai ta taɓa sashen da ke kula da numfashi da kuma tarin da ke hana amai shiga huhu. Haɗa ta da lemon ƙara kuzari yana ɓoye barcin da ke yi wa mutum gargaɗi, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsawata wa kamfanonin da ke haɗa giya da kafeyin, wato sinadarin hana barci da ke cikin gahawa, a 2010. Haɗa ta da kodin, ko tiramol, ko ƙwayoyin barci irin su Valium ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, domin dukkansu numfashi suke dannewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, fiye da 700,000 daga cikinsu ta hanyar haɗarin mota da faɗa da kashe kai da makamantansu, kuma irin wannan mutuwa ba ta buƙatar mutum ya yi shekara yana sha.

"Kowa yana sha"

Wannan kalma da ya faɗa miki na ji ta daga bakin ɗalibai ba adadi, kuma ina ganin ita ce babbar ƙofar da ake shiga ta. Yaro ya bar gida karo na farko, babu mai tambayarsa ina za shi, bai san kowa ba, yana jin kunya, yana tsoron a kira shi bagidaje ko ɗan mama. Makonni shida na farkon shiga jami'a su ne masana suka fi nuna wa yatsa, saboda a lokacin ne ake neman abokai ido rufe, kuma fati ne wurin da ya fi sauƙin samun su. Kofin da aka miƙa masa tamkar katin shiga ƙungiya ne.

Sai dai zaton cewa kowa yana sha kuskure ne da aka daɗe da ganowa. A 1986 wasu masana biyu, Perkins da Berkowitz, sun nuna cewa ɗalibai suna zaton takwarorinsu sun fi sha kuma sun fi amincewa da maye fiye da yadda abin yake. A 1993 Prentice da Miller suka sami irin wannan a Jami'ar Princeton: ɗalibi yana jin abin bai kwanta masa ba, amma yana zaton shi kaɗai ne, sai ya yi shiru ya bi ayari. Babban binciken da Henry Wechsler ya jagoranta daga Jami'ar Harvard tsakanin 1993 da 2001 ya sami kimanin kashi 44 cikin 100 na ɗaliban Amurka suna irin wannan sha mai nauyi. Adadin yana da yawa, amma ki lura cewa ko a ƙasar da giya ke ko'ina, fiye da rabi ba sa yi. Abin da ke ruɗar yara shi ne wanda ya bugu shi ke da hayaniya, shi ake ɗauka a bidiyo, shi ake ba da labarinsa ranar Litinin, wanda ya kwana a ɗakinsa yana karatu kuwa babu mai ɗaukar hotonsa.

Akwai abin da na lura da shi a aikina game da yaran da suka fito daga gidajen da ba a shan giya. Ba su san ƙarfinta ba, jikinsu bai saba ba, kuma tsoron kada labari ya kai gida ya fi musu tsoron mutuwa. Wannan haɗin yana sa su sha a ɓoye, da sauri, a wurin da babu babba, kuma idan abu ya lalace su rufe ƙofa. Akwai kuma wasu da ba don abokai suke sha ba, don su kashe wata damuwa ce, ko fargabar shiga mutane, ko baƙin cikin da ba su faɗa wa kowa ba. Waɗannan su ne suka fi tsaya mini a rai, domin su ne giya ta fi saurin kamawa.

Daren da nake tsoro

Wata rana wajen ƙarfe huɗu na asuba wasu samari uku suka kawo mana abokinsu naɗe cikin bargo, rigarsa sharkaf da ruwa, leɓɓansa sun canza launi, jikinsa sanyi ƙalau, da busasshen amai a gefen bakinsa. Na tsunkule shi bai motsa ba, na ƙirga numfashinsa na sami shida a minti ɗaya. Da na tambaye su yaushe ya faɗi, sai suka kalli juna, ɗaya ya ce tun ƙarfe ɗaya. Sa'a uku suna kwara masa ruwan sanyi, suna ƙoƙarin ɗura masa gahawa, sannan suka kwantar da shi rigingine suka ce barci zai warware shi. Ba mugaye ba ne, ɗayansu kuka yake yi. Tsoron kora daga makaranta da tsoron iyaye ne ya riƙe su. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya farfaɗo bayan an tura shi babban asibiti, amma amai ya riga ya shiga huhunsa, ya yi kwanaki yana jinya.

Duk abin da suka yi masa kuskure ne. Ruwan sanyi yana ƙara sauke zafin jikin da giya ta riga ta sauke, gahawa ba ta rage barasa ko ɗigo, ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu yana iya shaƙe shi, kuma barasar da ke cikin hanji tana ci gaba da shiga jini bayan mutum ya kwanta. Ina roƙon ki koya wa ɗanki wannan ko da ya rantse miki ya daina, domin wata rana abokinsa ne zai faɗi a gabansa. Idan mutum ya bugu har an kasa tashinsa, ko yana amai ba ya farkawa, ko numfashinsa bai kai 8 a minti ba, ko yana ɗaukewa na daƙiƙa 10 ko fiye, ko fatarsa ta yi sanyi ta canza launi, ko yana jijjiga, to a kwantar da shi a gefensa, a lanƙwasa gwiwarsa ta sama don kada ya mirgina, a nemi asibiti nan take, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha da ƙwayar da ya haɗa. Saboda irin wannan jinkiri ne wasu jami'o'i, irin su Cornell a Amurka tun 2002, suka kafa ƙa'idar sassauta hukunci ga ɗalibin da ya kira agaji da wanda aka kira dominsa. Ina ganin duk jami'ar da ke son ran ɗalibanta ya kamata ta yi tunani a kan wannan.

Ya zama mashayi?

Daga abin da kika rubuta, bai nuna alamun wanda giya ta kama ba tukuna, amma shan da yake yi mai haɗari ne. Wanda ta kama yana da alamu sanannu: yana ƙudurta zai sha kaɗan sai ya zarce, yana son dainawa ya kasa, tunaninta yana damunsa, abin da ke bugar da shi a da ya daina isarsa, yana barin karatu da abubuwan da yake so saboda ita, yana ci gaba duk da ya ga ɓarnarta, kuma idan bai sha ba hannunsa yana rawa, gumi yana keto masa, barci yana gagararsa. Akwai tambayoyi 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, ana kiransu AUDIT, waɗanda likita zai yi masa cikin 'yan mintoci, kuma maki 8 zuwa sama yana nuna sha mai haɗari. Da yawa daga cikin masu shan fati suna ragewa ko su daina bayan sun bar makaranta sun shiga hidimar rayuwa. Waɗanda suka fi zarcewa su ne masu mashayi a dangi, da waɗanda suka fara tun suna ƙanana, da masu sha su kaɗai, da masu sha don gudun damuwa.

Abin da nake ba da shawara

Na fahimci fushin mahaifinsa, kuma fushi ne na ƙauna. Amma ban goyi bayan a cire shi daga makaranta a matsayin matakin farko ba. Giya ba a jami'a kaɗai take ba, kuma saurayin da aka dawo da shi gida cikin kunya, babu karatu babu aiki, yana kallon sa'o'insa suna ci gaba, ya sami sabon dalilin sha. Ban da haka, darasin da shi da ƙannensa za su ɗauka shi ne faɗin gaskiya yana jawo hukunci mafi tsanani, alhali wannan yaron da kika tsare shi bai yi miki ƙarya ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yin shiru da fatan abin zai wuce shi ma kuskure ne, domin binciken da Rob Turrisi da abokan aikinsa suka yi a Amurka ya nuna cewa maganar iyaye da 'ya'yansu game da giya, musamman kafin su tafi jami'a, tana rage sha, kuma yaran da suka san iyayensu ba su amince ba sun fi kamewa.

Ki zaɓi lokacin da hankalin kowa ya kwanta, ku zauna ba a gaban ƙannensa ba, kuma kada a sa ƙanwar da ta nuna miki bidiyon a tsakiya, don kada ya ƙullace ta. Ki fara da tambaya kafin nasiha: yaushe ya fara, me yake ji idan ya shiga taro bai sha ba, ya taɓa wayar gari bai tuna daren jiya ba, ana haɗawa da ƙwaya, wa ke mayar da su ɗaki. Ki daure ki saurara ko da amsar ta yi miki ɗaci. Sannan ki gaya masa ƙarara cewa ba ku yarda ya sha ba, ko kaɗan, da dalilanku. Bayan haka ki ƙara masa abu ɗaya: duk daren da shi ko abokinsa ya shiga hali, ya nemi asibiti ya kuma kira ki, ko ƙarfe nawa ne, faɗa zai jira sai gari ya waye. Wasu iyaye suna ce mini wannan ba shi lasisi ne. Ban yarda ba, domin na tsaya a kan yaron da aka jinkirta kawowa sa'a uku, kuma na san abin da kiran waya ɗaya zai canza.

Ki taimaka masa da abin da zai faɗa idan an miƙo masa kofi, domin yawancin yara ba su taɓa gwada cewa a'a da bakinsu ba. Gajeriyar magana irin "ba na sha" tare da lemo a hannu ta fi dogon bayani aiki, kuma aboki ɗaya da ba ya sha ya fi nasiha goma. Ku duba inda yake kwana da waɗanda yake kwana da su, domin sauya ɗaki a wasu lokuta ya fi sauya makaranta amfani. Ku riƙa kiransa a kai a kai, har da daren ƙarshen mako, kira na hira ba na tuhuma ba. Kafin ya koma, ku kai shi ya ga likita ko mai ba da shawara shi kaɗai. Tsarin da Alan Marlatt da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a Jami'ar Washington zama biyu ne kacal, ana nuna wa ɗalibi lissafin shansa da yadda ya bambanta da na sauran ɗalibai ba tare da zagi ba, kuma an ga yana rage sha da illolinsa. Kofin robar da na ba ki labari daga irin wannan tunani na samo shi.

Akwai inda zan goyi bayan mahaifinsa a dakatar da karatun na zango ɗaya don a yi magani: idan an taɓa kwantar da shi a asibiti saboda maye kuma ya koma, idan yana haɗawa da ƙwayoyi, idan sakamakon jarrabawarsa ya rushe, ko idan ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa. Wannan na ƙarshe ba ya jiran gobe.

Hajiya, ban ga ɗanki ba, kuma wasiƙa ba ta maye gurbin zama da likita ido da ido. Alƙaluman da na kawo yawancinsu na ɗaliban Amurka ne, kuma yara sukan rage adadin da suke faɗa wa iyaye. Don haka ki sa ido a kwanakin hutun nan. Idan kika ga hannunsa yana rawa da safe, yana gumi, yana amai, ko ya kasa barci bayan kwana ɗaya ba tare da ya fita ba, to shan ya wuce abin da ya faɗa miki. A wannan hali kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina da ƙarfi, domin yanke giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya dogara da ita yana iya kawo jijjiga da ruɗewar hankali, alamun sukan fara cikin sa'a 6 zuwa 24, su yi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku. A kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita yaushe ya sha na ƙarshe da duk wani magani da yake sha.